Zagi a filin ƙwallo: tara ko shugabannin magoya baya?

Ɗan wasa ya zubar da fenareti, sai a ji daga cikin 'yan kallo an fara rera masa "ɗan daudu". Kulob kamar Gombe United ko Wikki Tourists yana da hanya biyu.

Ta farko hukunci. FIFA ta ba alƙalin wasa mataki uku: ya tsayar da wasa, ya dakatar, ya tashe shi gaba ɗaya. Mekziko ta sha tara kan irin wannan waƙa, har a 2021 ta buga da Jamaika fili fayau, an hana 'yan kallo shiga. Matsalar ita ce kulob ɗinmu kuɗin ƙofa ke taimaka musu, kuma mai sayar da ruwa a bakin filin wasa na Pantami a Gombe da bai zagi kowa ba shi zai kwana da asara.

Ni na fi karkata ga ta biyu: a zauna da shugabannin magoya baya da makaɗa. Su ke ɗaga waƙa, su ke iya sauke ta. Mai ganga in ya yi shiru, zagin ba ya nisa. Ba sai ra'ayin kowa ya zo ɗaya ba kafin a yarda cin mutunci ba tarbiyya ba ne. Sai dai wannan hanya tana cin lokaci, kuma wanda ya ƙi ji, dole a hana shi tikiti.