Yamma uku a ajin metta a Bankok

Kayana sun maƙale a hannun masu jigila, na rasa abin yi a Pratunam, wata unguwar kasuwa a Bankok, sai mai masaukinmu ta yi min kwatancen wani aji da ake yi wa baƙi da Turanci a wani wurin ibadar mabiya Buddha. Ba a biyan ko sisi, akwai dai akwatin kyauta a bakin ƙofa. Na je yamma uku.

Tun daga shiga na gaya wa malamin ni Musulmi ne, ba na rusuna wa gunki, ba zan kuma bi su karatun buɗewa ba. Ya ce in zauna a baya, bai sake ɗaga maganar ba. Na yaba masa da wannan.

Abin da ake koyarwa sunansa metta a Pali, tsohon harshen littattafan addinin Buddha, wato yi wa kowa fatan alheri har cikin zuciya. Yana da 'yan'uwa uku: karuna (tausayi), mudita (murna da samun wani), da upekkha (rashin karkata). Tsarin da suke bi wani malamin addinin Buddha mai suna Buddhaghosa ne ya rubuta shi a Siri Lanka a ƙarni na 5: ka fara da kanka, sai wanda kake ƙauna, sai wanda ba ruwanka da shi, maƙiyi a ƙarshe.

Ukun farko ba wuya. Na ɗauki mai sayar da mangwaro a bakin layinmu, na yi ta yi mata fatan lafiya. Da aka zo na huɗu, fuskar wani da ya riƙe min kuɗi shekara biyu ta faɗo min. Ina cewa "ya zauna lafiya" ina cije haƙora. Malamin ya ce duk wanda ransa ya ɓaci ya koma kan masoyinsa, in zuciya ta sauka ya dawo. Sau huɗu na koma kan mahaifiyata. A yamma ta uku kuɗina na nan a raina, amma ƙirjina ya daina zafi in na tuna shi.

Inda suka gaza: fanka ɗaya ce a ɗakin, ga zafin Bankok, kuma zaman harɗe na awa guda ya kashe min ƙafa, kujera sai ka roƙa. Turancin malamin ma sai ka kasa kunne sosai. Lokacin kuma yana cin magariba, don haka kullum na riƙa fita kafin a tashi, ban taɓa jin yadda suke rufewa ba.