Ɗakin sanyin haya a Kumasi: injin ya yi, jerin kaya ne da gyara

Ɗakin sanyin da ake ba masu kayan gwari haya a wajejen Aboabo ya cancanci yabo ta fuskar gini. Bangonsa na riƙe sanyi, ƙofar na rufuwa ruf, ga labulen roba a bakinta da ke tare iskar waje duk lokacin da ɗan dako ya shiga. Da sola da batir yake aiki, don haka ɗaukewar wuta ba ta cika taɓa shi ba. An saita shi a digiri 12, kuma hakan daidai ne ga tumatir.

Sai dai lambar da ke jikin allo zafin iskar ɗakin ce, ba zafin cikin kwando ba. Tumatir ɗin da aka sauke daga motar Akumadan, garin manoman tumatir, da rana tsaka yakan zo da zafin gona a jikinsa. Kafin tan ɗaya ya sauko daga digiri 32 zuwa 12, sai an zare masa zafin da ya kai kusan kilowat 22 na awa guda. Ƙari kan haka, kayan lambu na numfashi ko bayan girbi, suna fitar da nasu zafin, kuma numfashin kan ninka idan zafi ya ƙaru da digiri 10.

Nan ne aikin ma'aikatan ya gaza. Suna manna kwanduna da bango, su tula su har kusa da rufi don a ci wuri. Ita kuwa iska kamar ruwa take, inda ya fi sauƙi take bi. Tana fitowa daga fanka, ta bi hanyar tsakiya da babu kaya, ta koma ba tare da ta ratsa tumatir ba. Masu kwaikwayon tafiyar iska a kwamfuta sun daɗe da nuna cewa kusurwoyi da tsakiyar tulin kaya ne ke zama da ɗumi. Ko ba kwamfuta, zura hannu cikin kwando na uku daga ƙasa, za ka ji ɗumi da laima, alhali na sama ya yi sanyi ƙalau. Abin takaici ne mace ta biya kuɗin haya, ta tarar da na tsakiya ya yi laushi.

Gyaran ba ya cin kuɗi da yawa. A bar santimita 10 zuwa 15 tsakanin kaya da bango, aƙalla 30 a sama, a ɗora kwandunan kan katako don iska ta bi ta ƙasa, ramukansu kuma su fuskanci juna. Babban akwatin katakon nan da aka saba zuba tumatir bai dace ba sam. Kwandon roba mai ramuka ya fi. A kuma tsira ma'aunin zafi cikin tumatir ɗaya na tsakiya, shi za a riƙa dubawa.

Kuskure na biyu shi ne haɗa komai wuri guda. Kabeji, karas da latas kusan digiri 0 suke so, kuma iskar da nunannen tumatir ke fitarwa na sa ganye ya yi rawaya. Albasa busasshen wuri take nema, danshin ɗakin zai ɓata ta.

Mai tumatir, tattasai ko kuɓewa da ke son ajiyar kwana uku zuwa biyar zai amfana, muddin ya tsaya a kan jerin kayansa. Ya kawo su da asuba, ya kuma fitar da iya abin da zai sayar a ranar, domin da zarar sun fito raɓa ke kwanta musu, ruɓewa ta biyo baya.