Auta, ga bayanin jita da kayan kiɗa daga nan Jamus

Assalamu alaikum Auta, da kai da sauran 'yan majalisar bakin tasha. Ya Inna da ƙafar tata, ya Baffa, ya aikin gona, Allah ya sa a cika rumbu lafiya. Saƙonninka na murya duk na saurara, da wanda kake cewa in sayo maka jita mai wuta irin wadda kuke gani a hannun Buzaye a bidiyon da ake tura muku ranar kasuwar Maigatari, da wanda abokinka yake tambaya wai da gaske ne a nan a bola ake tsintar kayan kiɗa. To bari in rubuta a wuri ɗaya kowa ya karanta, don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya.

A ƙasar nan kaya araha ne, hannun mutum ne da tsada. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso. Sabuwar jita ta koyo za ka samu a yuro 100 ko ƙasa da haka, ta Yamaha mai tsirkiyar roba ɗari da 'yan kai, saitin tsirkiya shida bai kai yuro 10 ba, alhali mafi ƙarancin albashi da doka ta yanke ya haura yuro 12 a awa ɗaya, kun ga ke nan mai aikin sito irina da aikin awa guda ya sayi tsirkiya har da canji. Amma fa ka ɗauki jitar nan ka kai wa mai gyara ya daidaita maka wuyanta ya sauke tsirkiyar ta kwanta, sai ya caje ka yuro 50 ko fiye, kuma sai ka bi layi an ba ka rana. Mu a gida akasin haka ne, kafinta da mai gyaran rediyo suna nan a bakin kasuwa a kuɗi kaɗan, amma tsirkiya ɗaya in ta tsinke sai an shiga mota zuwa Kano an gangara Sabon Gari, kuɗin motar ma ya ninka kuɗin tsirkiyar.

Babban shagon kayan kiɗa na nan sunansa Thomann, wajen sayarwa ta intanet babu kamarsa a Turai, kuma abin da ya ba ni mamaki a ƙauye yake, wani ɗan ƙauye Treppendorf a jihar Bavariya wanda mutanensa ba su kai na unguwarmu ba. Tun 1954 iyali ɗaya suke riƙe da shi. Ka zaɓa a waya, a kawo maka har ƙofar gida, in ba ta kwanta maka ba kana da kwana 30 ka mayar a dawo maka da kuɗinka, ga garanti na shekara 3. Ko wasu shagunan ma doka ta ɗaure su, yawancin abin da ka saya ta intanet a Tarayyar Turai kana da kwana 14 na mayarwa ba sai ka faɗi dalili ba, in kuma da aibi ya zo akwai shekara 2 da za ka nemi haƙƙinka. Wannan shi ne ya fi burge ni wallahi, fiye da kyan kayan, don mu mun saba in ka biya ka fita daga shago to kai da ƙaddararka.

Kuma kar ku ɗauka masu arahar nan Bature ne ya sassaƙa su. Yawanci a China da Indonesiya ake yin su, kamar dai waɗanda ake shigowa da su Legas. Jitar kamfanin Fender ta asali da ake yi a Kalifoniya ta haura yuro 1000, akwai ta Meziko ƙasa da haka, sai ƙaramarsu Squier ta masu koyo. Bambancin kawai a nan ana dubawa kafin a turo, kuma mai shago ya san in ta zo a karkace za ta dawo masa.

Maganar bola kuwa an ƙara gishiri. Abin da ke akwai shi ne kasuwar na hannu, akwai shafin Kleinanzeigen inda mutum zai sa hoton kayansa da farashi, ka je gidansa ka zauna ka gwada, sau da yawa shi da kansa zai nuna maka inda ta taɓa buguwa. Da yawa iyaye ne suka saya wa yaro ya yi 'yan watanni ya watsar. A can na samo taka.

Yanzu ga abin da na tabbata ba za ka so ji ba Auta, mai wuta ban saya ba. Jita mai wuta ita kaɗai ba ta da murya, sai da amfilifaya, ita kuma sai da wuta tsayayya, kai kuma wayarka ma shagon caji kake kai ta. Akwai ƙananan amfilifaya na Roland masu aiki da batir shida irin na tocila ƙarama, in hannunka ya faɗa za mu yi wannan maganar. Wadda na saya mai rami ce, kuma da gangan na zaɓi ta katako mai falle-falle da aka manne, na bar ta katako gangariya duk da ta fi daɗin sauti. Dalili shi ne hunturu. Katakon jita yana son danshin iska wajen kashi 45 zuwa 55, mu kuma in iskar hunturu ta taso yakan sauka ƙasa da kashi 20, gangariyar sai ta tsage a fuska, wuyan ya ƙanƙance ƙarafunan da ke jere a jikinsa su fito suna yankar hannu. Su ma nan suna fama da haka lokacin sanyi saboda hita tana busar da ɗaki, har na'ura suke saya don wannan. Kai ba sai ka sayi komai ba, ka samu robar sabulu ka huda ta, ka sa soso mai ɗan danshi wanda ba ya ɗiga, ka ajiye a cikin jakar ka zuge. Kar ka jingina ta a bango inda rana ke bugawa, kar ka bar ta a ɗakin kwano da tsakar rana a watan bazara, gam ɗin zai saki.

Sai maganar wayar birkin keke da na ji kuna yi. Gaskiya ne Mdou Moctar na Nijar da ita ya haɗa jitarsa ta farko yana yaro, kuma ga shi yau yana zaga duniya, ina girmama wannan ƙwarai. Amma shi tasa ya ƙera da hannunsa. Tsirkiyar ƙarfe shida na jan wuyan jita da nauyin kusan kilo 70, ta roba wajen kilo 40, shi ya sa ko tsirkiyar ƙarfe ta gaske ka ɗaura wa jitar da aka yi don roba sai ta ɓanɓare katakon da ke riƙe da su, balle wayar birki da ba a auna ta ba. Na sa maka saitin tsirkiya da dama a cikin jakar, da ɗan abin saiti da ake maƙalawa a kan jitar yana nuna maka in ta hau daidai, da ɗan makullin da ake murɗa ƙarfen cikin wuya. Shi wannan kaɗan-kaɗan ake juya shi, kwata ɗin zagaye a tsaya a duba. Ina so ka zauna da kafintan bayan masallaci ku kalli bidiyon da zan turo tare, mutumin da ke gyara ƙofa ta zauna daram ba zai kasa wannan ba, kuma in ya iya, duk mai jita daga nan har Gumel wajensa zai zo.

Mutanen da nake kiɗa da su kuwa, nan ne zan daɗe. Akwai direban bas, akwai malamin makaranta mai ritaya, akwai wata nas mai jitar bes, wato mai tsirkiya huɗu da kaurin murya. Ba wanda ya gada, ba wanda ake yi wa liƙi, ba wanda yake wasa wani don a ba shi. Sun tashi daga aiki ne kawai suna son su huta. Mu kun san duk wanda ya riƙe gurmi ko kalangu sunansa maroƙi, ko da kuwa bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma wannan yana damuna, don na ga yadda kiɗan nan yake sauke wa mutum gajiya da kewar gida. A gida ba sa iya sakin sauti, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe doka ce a yi shiru, ranar Lahadi ma haka, maƙwabci zai iya kira maka 'yan sanda, saboda haka sai su haɗa kuɗi su kama ɗakin gwaji duk wata, a wasu birane ma tsofaffin maɓoyan bam na yaƙin duniya na biyu aka mayar ɗakunan, bango mai kauri ba taga. Da na ba su labarin gindin darbejiyarmu da farin wata, ba haya ba mai ƙwanƙwasa bango, direban nan ajiyar zuciya ya yi ya ce mun fi su.

Ga tsokana kamar Fulani da Barebari, kowa da abokin wasansa. Mai ganga ake ce wa in ya zo gidanka za ka gane shi tun daga ƙofa, bugun sai ƙara sauri yake kuma bai san lokacin shigowa ba. Mai bes wai ba wanda ya san tana nan sai ta daina. Ita kuma sai ta rama, ta ce in kana son mai jita ya yi shiru ka ajiye masa takardar kiɗa a gabansa, don yawancinsu da kunne suka koya kamar mu. Son sayen kaya kuwa sun ɗauke shi ciwo har sun raɗa masa suna, in ka tambayi mutum jita nawa ta ishe ka sai ya ce waɗanda nake da su, a ƙara ɗaya. Malamin nan yana da su jere a bango, yakan ce tsoronsa ɗaya, in ya mutu matarsa ta sayar da su a farashin da ya gaya mata ya saya. Kowa ya bushe da dariya, ni ma na yi, amma raina yakan sosu in na ga kaya masu kyau a rataye ƙura na hawa, na tuna ku kuna karɓa-karɓa da jita ɗaya mai tsirkiya huɗu.

Na kunna musu Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, da na ce musu kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi sai da suka sa na maimaita, nas ɗin ta ce ita da huɗu ma ba ta cika ɗaki haka. Yanzu malamin ya nace yana son gurmi na gaske. Ka je wajen tsohon nan mai yin su ka tambayo min, kuma duk abin da ya faɗa kar ka taya, a biya shi cif, aikin hannu irin nasa a nan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Jitar tana hannun wani ɗan uwa da zai sauka Kano, zan turo maka lambarsa ta sirri. Kafin ta iso ka samu Baffa ka gaya masa da bakinka, kar ya ji a gari, ka ce masa ni na aiko kuma zan kira shi. In an kira salla a ajiye, in ana karatu a tsangaya a matsa nesa. Yatsunka za su yi zafi makonnin farko har su yi kanta, kar ka daina. Ka gaida Inna sosai, maganin ƙafarta yana aljihun gaba na jakar.