Makarantun Katolika biyu a Sakkwato, da wadda na kai ɗiyata

Makarantun firamare na 'yan Katolika sun yi suna a Sakkwato wajen ladabi da Turanci, shi ya sa Musulmi da dama ke kai 'ya'yansu can ba tare da ɗar ba. 'Yan Katolika ba baƙi ba ne a garin nan. Tun 1964 suke da dayosis a Sakkwato, wato yankin coci-coci da ke ƙarƙashin bishop guda, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagorantarta tun 2011. Biyu daga cikin makarantun na leƙa kafin in sa ɗiyata aji ɗaya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta ba ni mamaki.

Ta farkon ita ce a bakin kowa. Gini tsaf, fenti sabo, mai gadi ba ya barin ka wuce sai ka rubuta suna. Maƙwabciyata ta yi ta yabon yadda ɗalibansu ke cin jarrabawar NECO ta shiga kwalejojin tarayya, kuma yaran da na tarar sun gaishe ni da Turanci tar. Ajin ne ya kashe mini gwiwa. Yara uku-uku a benci, fanka guda tana juyawa da ƙyar. Wanda ya san Afrilun Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san 'yar shekara 6 ba abin da za ta ɗauka a ɗakin nan da rana tsaka. Ga kuɗi. Abin da aka faɗa mini a baki daban, abin da ke takarda daban: yunifom kala biyu, kayan wasanni, littattafan da dole a wurinsu za a saya, sai lesin na dole har la'asar. To Islamiyya fa, yaushe?

Ta biyun ƙarama ce, kuma ta fi kusa da mu a Mabera. Ba ta da abin nunawa daga waje. Sistar da ke shugabanta, wato mace mai hidimar cocin Katolika, na roƙa ta nuna mini littafin rubutun kowane yaro, ba wanda aka zaɓa ba. Ta shiga aji biyu ta ɗauko na saman tuli. Yaron yana juya "b" ta koma "d". Malamar ta zagaye kowanne da jan biro, ta rubuta daidai a gefe, ta sa kwanan wata, ta sa shi ya sake layi guda. Na buɗa gaba, sai ga harafin ya miƙe. Wannan littafin ne ya saye ni.

Na ce, "Sista, mu fa Musulmi ne. Yaya batun addu'a?"

Ta ce, "Hajiya, gara ki ji tun yanzu. Addu'ar safe tamu ce, ba mu tilasta wa kowa, sai dai yaro ya tsaya shiru. Malamin addinin Musulunci kuwa ba mu da shi."

Na fi son wannan da a yi mini daɗin baki. Hijabi ma ba ya cikin yunifom, sai hula, abin da baban yarinyar ya daɗe yana jinjinawa kafin ya amince. Abin da ya shawo kansa shi ne ana tashi da azahar, ran Juma'a kuma tun kafin masallaci, don haka tana samun ta ci abinci, ta ɗan kwanta, ta tafi Islamiyya.

Makarantar tana da nata aibin. Filin wasan rairayi ne zalla, inuwarsa dogon yaro biyu, da hunturu kuwa yarinya na dawo mini fari fat. Ba ɗakin kwamfuta. Banɗakin 'yan mata ya yi kaɗan, na kuma faɗa a taron iyaye. Ba su da motar ɗaukar yara, sai da na ɗauki ɗan kabu-kabu na wata-wata, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗinsa ke neman kamo rabin abin da nake biya a zango. In gidanku na can Arkilla ko Runjin Sambo, ku fara lissafa wannan kafin ku sayi fom.