Cire kan batir ko sa na'ura: wanne ya fi wajen kashe wutar cek injin?

Wani ɗan'uwa ya ce wutar nan mai hoton inji ta kama a motarsa, an ba shi shawara biyu: wani ya ce ya cire kan batir, wani ya ce sai an sa mata na'ura. Yana so ya san wanne ya fi.

Malam, kafin komai duba yadda wutar take. In tana ƙyaftawa ne, to maganar kashe ta ba ta ma taso ba. Ƙyaftawar na nufin wata silinda ba ta ƙona mai, ɗanyen man yana gangarawa salansa yana toya matatar hayaƙin da ke ciki. Ka rage gudu, ka nemi wuri ka tsaya. In kuwa a tsaye take cak, sai mu gwada hanyoyin biyu.

Cire kan batir ba ya buƙatar komai sai sifana, galibi mai lamba 10. Ka kashe mota, ka zare makulli, ka kwance kan da ke da alamar ragi, wato mai baƙar waya, ka kawar da shi gefe yadda ba zai koma ya taɓa ba. Kada ka fara da jan: in sifana ta haɗa shi da ƙarfen mota, tartsatsi za ka gani, har fis ya iya ƙonewa. Bayan kamar minti 15 ka mayar ka ɗaure tamau.

A tsofaffin motoci wutar kan ɗauke. Sai dai ka yi aiki ne a makance, domin lambar da kwamfutar mota ta ajiye, wadda za ta gaya maka abin da ya lalace, ta tafi ba ka karanta ba. Kuma ba ita kaɗai ke tafiya ba. Agogo da tashoshin rediyo sun goge, wata rediyon ma sai ka sa mata lambar sirri kafin ta sake magana. Kwamfutar ta manta yadda ta saba auna mai da iska, shi ya sa za ka ji silo yana hawa yana sauka na ɗan lokaci, wata motar har ta mutu a tsaye. A sababbin motoci da yawa kuma wahalar banza ce, don suna ajiye lambar a inda ɗauke wuta ba ya shafa.

Na'urar kuwa ita ce mai karanta kwamfutar mota ta tsarin da ake kira OBD2. Amurka ta wajabta wannan tsari a motoci tun 1996, Turai ta bi a 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. Soket ɗin mai rami 16 ne, yana ƙarƙashin sitiyari ta wajen direba. Ka jona, ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kama amma kada ka tayar da inji. Ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth ta isa wannan aiki.

A nan ne bambancin yake: ka karanta lambar matsalar kafin ka goge ta. P0455 na nufin tururin mai na zurarewa, kuma sau da yawa murfin tanki ne bai rufu ba ko robarsa ta tsage. P0301 silinda ta ɗaya ce ba ta ƙona mai, sai a duba fulogi da kwayil da nozul ɗinta. P0171 iska ta rinjayi mai, a nemi tiyon da ya fashe ko sensar iska da ta yi datti. P0420 kuma matatar hayaƙi ce ta yi rauni. Na'urar za ta kuma nuna maka halin da inji yake ciki a daidai lokacin da matsalar ta faru, zafinsa da gudunsa da juyinsa. Ɗauki hoton wannan da wayarka, domin da ka danna gogewa shi ma ya tafi. Lambar dai nuni ce kawai. Mutane da yawa na ganin sunan sensa su je su sayo sabuwa, alhali waya ce ta tsinke.

Duk hanyar da ka bi, in ba a gyara abin ba wutar za ta dawo, wata nan take, wata sai bayan tafiya biyu. Kuma dukansu suna mayar da gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa mota zuwa farko, don haka mai na'ura zai gane an goge kwanan nan. Mai sayen mota ya lura da wannan.

Ni dai na'ura nake ba ka shawara, ta fi cire batir nesa ba kusa ba. In ma an yi gyaran daidai, ba lallai ka goge komai ba: bayan tafiya uku a jere ba tare da kwamfutar ta sake ganin matsalar ba, wutar kan mutu da kanta. Yau ka fara da murfin tanki, ka murɗa shi har ka ji ya yi ƙara, ka ba shi kwana biyu zuwa uku.