Injin kulorin na gishiri da akwatin sarrafa wurin ninƙaya: wanne za ka saya, kuma ya za a haɗa su?

Yawancin masu ful, wato wurin ninƙaya, da ke kirana ba sa kira sai bayan sun gama sayayya, kwali biyu na ajiye a ɗakin famfo, ɗaya na kamfanin Hayward ɗaya na kamfanin Pentair, wai a zo a jona musu su riƙa sarrafawa daga waya. Wani lokaci yana yiwuwa, wani lokaci kuma sai dai in ce ranka ya daɗe haƙuri za a yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan tun kafin kuɗi su fita daga aljihu.

Shi dai injin gishirin nan ba wani siddabaru ba ne. Ana zuba gishiri a ruwan ful ɗin, ruwan ya bi ta cikin wani bututu da ake ce wa sel, a ciki akwai faranti na ƙarfen titaniyam, wuta ta ratsa sai gishirin ya koma kulorin. Gishirin da ake buƙata kamar 3,000 zuwa 3,500 ppm ne, wato giram 3 zuwa 3 da rabi a kowace litar ruwa, ruwan teku kuwa ya kai 35,000, ka ga ashe ba wani ɗanɗano sosai za ka ji ba. A lissafi, ful mai lita 50,000 zai ci kamar kilo 160 a zubin farko, buhu uku masu kilo 50 da ɗoriya kenan. Kuma don Allah ba gishirin miya ba, na kasuwa galibi akwai aidin a ciki, a nemi tsantsa wanda aka yi don ful.

To wajen haɗa injin gishirin da kwantirola, wato akwatin sarrafa kayan ful ɗin, hanya uku ce.

Ta farko, ka sayi komai na gida ɗaya. Pentair suna da sel ɗin IntelliChlor, shi ke tafiya da EasyTouch ko IntelliCenter. Hayward suna da AquaRite da su T-Cell, kwantirolarsu ProLogic ko OmniLogic. Jandy kuma AquaPure ko TruClear da AquaLink. Daɗin wannan shi ne na'urorin suna magana da juna ta wata 'yar waya mai jijiya huɗu, RS-485 ake ce mata, biyu na ɗaukar ƙaramar wuta biyu na ɗaukar saƙo. In ta zauna daidai kana falo za ka ga yawan gishirin ruwa, ka rage aikin sel daga kashi 60 zuwa 30, ko ka ƙure shi ranar da yara suka yini a ciki bayan biki, in ruwa ya daina gudu ma zai gaya maka. Akwai kuma akwatunan da tuni an saka musu taransifomar sel a ciki tun daga kamfani, sai dai kawai ka cusa filogin sel ɗin, babu akwati na biyu a bango babu tarkacen wayoyi. Ni in sabon gini ne wannan nake cewa a saya, tsada kam akwai ta, amma ciwon kai kaɗan ne.

Abin lura ɗaya, kalar wayoyin nan ja, baƙi, rawaya da kore ce a wurin Pentair da Jandy duka, amma kar ka ɗauka aikin kowace kala iri ɗaya ne a kowane kamfani. Zanen da ke cikin littafin na'urar za ka bi, ba kala ba. In ka juya wayoyin saƙo biyun nan allo zai nuna maka babu sel alhali gashi nan kana kallonsa, in kuma ta wuta ka saka a ramin saƙo to Allah ya kiyaye, kana iya ƙona bod, wato farantin lantarkin da ke cikin na'urar.

Ta biyu ita ce gauraye, sel na wannan kwantirola ta wancan. Akwai inda yake yi, misali littafin AquaRite na da ya nuna yadda ake jona shi da AquaLink RS na Jandy da IntelliTouch na Pentair. Amma ba kowane samfuri ba, kuma ranar da abu ya lalace kowane dila zai ce laifin ɗayan ne kai kana tsakiya. Sai in ka riga ka mallaki ɗaya mai lafiya kuma kana jin asarar jefar da shi.

Ta uku, wadda mutane ke rainawa amma ni ina ganin ta ishi yawancin gidaje: ba wayar saƙo kwata-kwata. Ka sayi kowane injin gishiri da ka ga dama, a ba shi wuta ta rile ɗin kwantirola, wato makunnin da ke cikinta, ita aikinta kunnawa da kashewa kawai, yawan kulorin kuma ka saita da hannu a jikin injin. Gaskiya sau nawa mutum ke taɓa wannan saitin? In zafi ya shigo wajen Maris a ƙara, in hunturu ya zo a rage, shi kenan fa.

Yanzu ga inda nake son a tsaya a saurare ni, don kowacce ka zaɓa wannan bai canzawa. Sel ɗin nan bayan kulorin yana fitar da iskar haidirojin. In yana aiki famfo a kashe, iskar ba ta da inda za ta, taruwa take a cikin bututu har ta iya fasa shi. Eh akwai ɗan makunnin da ke jin gudun ruwa ya yanke aiki, amma shi mai gadi na biyu ne, yana iya maƙalewa. Dole wutar injin gishiri ta fito daga ɓangaren fita na rile ɗin famfon tace ruwa, yadda in famfo ya tsaya shi ma ya mutu. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne famfo mai canza gudu irin su IntelliFlo, don shi wuta na jikinsa dare da rana daga bireka, umarni kawai yake jira. Na taɓa zuwa wani gida mai haɗin ya ɗauko wutar sel daga bayan irin wannan famfon, a tunaninsa ai tare za su riƙa tashi, ashe sel na kunne awa 24, ba abin da ya hana ɓarna sai ɗan makunnin nan. Kuma in famfon na tafiya a hankali sosai ruwan ba zai isa ya tura makunnin ba, sai ka ga ba kulorin ka ce injin ne jabu, alhali gudu za a ƙara.

Girman sel kuwa kar a yi rowa. IC40 na Pentair da T-15 na Hayward an rubuta na ful mai galan 40,000 ne, wajen lita 150,000, amma wannan lissafin sel na aiki ba hutu ne. Ka sayi wanda ya ninka ruwanka biyu. Ranar Kano ko Yamai cinye kulorin take kamar me, ga wutar da ba ta tsayawa, in famfonka awa shida ko takwas yake samu a rana dole sel ɗin ya haɗa na yini guda a cikinsu. Babba yana aiki da sauƙi kuma ya fi daɗewa, dama sel abu ne mai ƙarewa, shekara 3 zuwa 7 sai sabo, don haka tambayi kuɗin na canji da inda za a same shi kafin ka biya na farko.

Maganar wuta ma. Kayan Amurka an yi su ne don 120 ko 240 a kan 60Hz, mu kuwa 230 ne a kan 50Hz, karanta tambarin jikin akwatin da kyau, wasu ma akwai 'yan wayoyin da ake sauyawa a ciki don zaɓen 120 ko 240. In ba ka son wannan dogon turanci duba na Turai kamar AstralPool ko Zodiac, da wutarmu aka ƙera su, wasu har da wayfai ɗinsu a jiki, ka ga in ful ne kawai ba hita ba fitilu masu rawa, ƙila ma ba ka buƙatar kwantirolar gaba ɗaya. A saka abin kare bod daga tsallen wuta, don lokacin juyawa daga NEPA zuwa janareta ne suka fi ƙonewa, a haɗa atin, wato wayar ƙasa, da kuma wayar tagullar da ke ɗaure famfo da sauran ƙarafan ful wuri guda, kuma mai aikin ya zama ya san wutar wurin ruwa, ba yaron da ke saka fanka ba. In ruwan borehol ɗinku mai barin farin dutse a buta ne, tabbatar sel ɗin na juya wutarsa da kansa don kaɗe dattin, duk da haka ka riƙa cire shi kana leƙawa duk wata uku.