Jarrabawar Celo: ABRSM ko Trinity, Gaban Mai Jarrabawa ko Ta Bidiyo?

Kafin a sayi littafi ko ɗaya, a fara yanke shawarar hukumar da ɗalibin celo (wani babban gogen Turawa da ake kaɗawa a zaune) zai zauna wa jarrabawa, domin kowacce da jerin kiɗe-kiɗenta. Manyan biyun, ABRSM da Trinity College London, duka na Ingila ne, kuma kowacce tana da matakin share fage sannan mataki na 1 zuwa na 8. Inda suka rabu shi ne yadda suke raba maki.

A jarrabawar ABRSM ta gaba da gaba, maki 150 ne. Kiɗa uku, ɗaya daga kowane jeri na A, B da C, kowanne maki 30. Atisayen hawa da saukar sauti yana da 21, karatun nan-take (kaɗa rubutun kiɗan da ba a taɓa gani ba) 21, gwajin kunne 18. Ana ci da 100, yabo daga 120, fice daga 130. Wato maki 60 ba su da alaƙa da kiɗe-kiɗen da yaro ya shafe watanni yana maimaitawa, kuma a nan ɗalibai kan zubar da maki. Wanda ya samu 24 a kowane kiɗa ya haɗa 72 ke nan, har yanzu yana neman 28 kafin ya tsallake.

Trinity kuwa a kan 100 take: kiɗa uku masu maki 22 kowanne, aikin hannu (irin su atisayen hawa da saukar sauti) 14, sai gwaji biyu masu maki 10 kowanne. Ci daga 60, yabo 75, fice 87. Daɗinta shi ne zaɓi. Har zuwa mataki na 5 ɗalibi ne ke ɗaukar biyu daga cikin huɗu: karatun nan-take, gwajin kunne, ƙirƙirar kiɗa a take, ko tambayoyi kan abin da ya kaɗa. Mai kaifin kunne amma mai nauyin ido a takarda zai fi sakewa a nan. Sai dai sassaucin na ɗan lokaci ne, daga mataki na 6 karatun nan-take wajibi ne.

Akwai sharaɗin da iyaye da yawa ba sa sani sai a makare: ABRSM ba ta karɓar ɗalibi a mataki na 6 zuwa 8 sai ya ci mataki na 5 a ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa. Trinity ba ta da wannan sharaɗi. Wanda ya zaɓi ABRSM kuma yana da niyyar zarcewa, ya fara darasin ƙa'idoji tun yana mataki na 3.

Hanya ta uku ita ce jarrabawar bidiyo da ABRSM ta fito da ita a 2020: kiɗa huɗu, maki 30 kowanne, da wasu 30 na yadda aka gabatar da su baki ɗaya. Babu atisayen hawa da sauka, babu gwajin kunne. A ido kamar ta fi sauƙi, amma ana ɗauka ne a zama ɗaya ba yankewa, kuma hannun da bai saba dogon kiɗa ba yakan gaji a na huɗu, sauti ya fara kaucewa. A ganinmu ta dace da wanda tsoron ɗakin jarrabawa ke daskarar da shi, muddin malami bai ajiye atisayen ba.

Sai kayan aiki. A duba shekarar da ke bangon littafi, domin ana sauya jerin kiɗe-kiɗe, tsohon bugu na iya ƙunsar abin da aka riga aka cire. A kuma tabbata ya zo da takardar mai piyanon da zai raka ɗalibi a kiɗan, a yi gwaji da mai piyanon aƙalla sau biyu, don wurin shigowa bayan piyano ya fara ne ɗalibai ke rikicewa.

Tsirkiyoyin celo huɗu ne: C, G, D da A. In za a sauya su, a yi haka mako biyu zuwa uku kafin ranar, saboda sabuwar tsirkiya tana miƙewa, sautinta ya yi ta sauka. A sauya su ɗaya bayan ɗaya. In aka kwance duka a lokaci guda gadar, wato katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyin, tana faɗuwa, 'yar sandar katakon da ke tsaye a cikin celon ma tana iya gocewa. A riƙe A ta ajiya, ita ta fi saurin tsinkewa. Ƙaro kuwa a shafa shi kaɗan a gashin bakan da ake goga tsirkiyoyin da shi, yawansa na sa sauti ya yi kaushi.

Kada a sauya girman celo, misali daga 1/2 zuwa 3/4, ana saura wata ɗaya: tazarar yatsu tana ƙaruwa, hannu ya koma laluben wurin sauti. Abu mafi araha kuma shi aka fi mantawa: abin da ke riƙe tsinken da celo ke tsayawa a kansa, don kada ya zame. Mai maɗauri da ake saƙalawa a ƙafar kujera ya fi faifan roba aminci, domin roba tana zamewa a daɓe mai santsi ko mai ƙura.